Darasi: Rage Lokacin Sauya Saitin Inji a Masana'anta da Tasirinsa ga Ɗorewa

Kusan kowane inji da ke cikin masana'anta ana ƙera abu fiye da ɗaya da shi, domin injin da ya fitar da bokitin roba yau shi ne zai fitar da kwano ko kwando gobe, kuma injin da ke matse faifan ƙarfe ya zama ƙofar mota shi ne zai matse rufinta idan an canza masa mazubi. Mazubi, a wannan darasi, shi ne dunƙulen ƙarfen da aka sassaƙa da siffar abin da ake son ƙerawa, wanda ake ɗaura wa inji domin ya zuba narkakkiyar roba a cikinsa ko ya danne ƙarfe a kansa. Aikin cire tsohon mazubi, da ɗaura sabo, da daidaita zafi da ƙarfin matsi da sauran ma'aunai har inji ya soma fitar da sabon kaya, shi ake kira sauya saiti. Masana harkar masana'antu ba sa ƙidaya lokacinsa daga kwance noti na farko zuwa ɗaure na ƙarshe. Suna ƙidaya shi daga fitar kaya mai kyau na ƙarshe a tsohon aiki zuwa fitar kaya mai kyau na farko a sabon aiki. Wannan ma'auni yana da muhimmanci ƙwarai, saboda ya shigar da duk lokacin da inji ke juyawa yana fitar da kayan da ba za su sayu ba, kuma a nan ne, kamar yadda za a gani, mafi yawan ɓarnar take.

Ɗorewa kuwa, a ma'anar da ta bazu bayan rahoton da hukumar Brundtland ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987, ita ce biyan bukatun mutanen yau ba tare da an tauye wa na baya damar biyan nasu ba. A cikin masana'anta wannan na nufin abubuwa uku da ake iya aunawa: yawan ɗanyen kaya da makamashi da ruwan da aka kashe kafin a samu kaya ɗaya mai kyau, da lafiyar ma'aikacin da ya yi aikin, da kuma ko kamfanin yana samun abin da zai ci gaba da biyan albashi.

Dalilin da ya sa masana'antu ke tara kaya

Muddin sauya saiti yana cin awanni, mai masana'anta zai guje shi iyakar iyawarsa, kuma hanyar guje masa ita ce ya ƙera abu ɗaya da yawa kafin ya juya zuwa wani. Adadin da ake ƙerawa tsakanin sauyi da sauyi shi ake kira rukuni. Lissafin da ke bayan wannan ɗabi'a ba shi da wuya. A ɗauka cewa wani inji yana fitar da bokiti ɗaya a minti ɗaya, kuma sauya masa mazubi yana cin awa uku, wato minti 180. Idan aka ƙera bokiti 200 kawai sannan aka sake sauyi, kowane bokiti ya ɗauki minti 0.9 na lokacin sauyin a kan nasa, ya zama ya ci minti 1.9, kusan ninki biyu ke nan. Idan aka ƙera 2,000, kason kowane bokiti ya sauka zuwa minti 0.09, kuma kuɗin da aka kashe a kansa ya ragu daidai da haka. Duk manajan da ya ga waɗannan alƙaluma zai zaɓi babban rukuni, ko da odar da ke hannunsa ta 200 ce kawai, sauran 1,800 ɗin kuwa a kai su sito su jira mai saye.

Tun a 1913 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ford Harris ya fitar da ƙa'idar lissafin da ke nuna girman rukunin da ya fi araha, inda ya auna kuɗin sauya saiti a gefe ɗaya da kuɗin ajiye kaya a ɗaya gefen. Ƙa'idar daidai take, kuma har yau ana koyar da ita, sai dai waɗanda suka yi aiki da ita shekara da shekaru sun ɗauki tsawon lokacin sauyi tamkar wani abu ne da ba ya taɓuwa, kamar nauyin injin kansa. Da za a rage sauyin da ke cikin misalin nan daga minti 180 zuwa minti 9, rukunin bokiti 200 zai ɗora wa kowane bokiti minti 0.045 kacal, wato rabin abin da rukunin 2,000 ke ɗorawa a da, kuma hujjar cika sito ta rushe ke nan. Ƙa'idar Harris da kanta tana nuna haka, domin bisa ga lissafinta, idan kuɗin sauyi ya koma rubu'in yadda yake, rukunin da ya fi araha yana komawa rabi.

Yadda dabarar ta samo asali a Japan

Sunan da aka fi dangantawa da wannan fanni shi ne na Shigeo Shingo, injiniyan Japan da aka haifa a 1909 ya rasu a 1990, wanda ya tsara hanyar da aka sani da SMED, wato sauya mazubi cikin ƙasa da minti goma. Bisa ga abin da ya rubuta a littafinsa, wanda ya fito da Japananci a 1983 aka fassara shi zuwa Turanci a 1985, tunanin ya faro ne a 1950 a masana'antar Toyo Kogyo da ke Hiroshima, kamfanin da yanzu ake kira Mazda, inda manyan injinan matsa ƙarfe suka kasa biyan bukatar sauran sassan masana'antar, shugabanni kuma suna ganin mafita ita ce a sayo ƙarin injina. Shingo ya tsaya yana kallon yadda ake sauya mazubi a wani inji mai ƙarfin tan 800, sai ya ga bayan an tsayar da injin an cire tsohon mazubi, ma'aikaci ya ɓace fiye da awa guda yana neman noti ɗaya da babu shi, daga ƙarshe ya ciro wani dogo daga mazubin wani injin, ya yanke shi, ya yi masa zare. Duk tsawon wannan lokaci injin da ake kukan ya yi kaɗan yana tsaye. Daga nan ya raba ayyukan sauyi gida biyu: shirin ciki, wato ayyukan da ba sa yiwuwa sai an tsayar da inji, kamar cire mazubi da ɗaura wani, da shirin waje, wato waɗanda ake iya kammalawa inji yana kan aikinsa, kamar tattara notuna da sifana da kawo sabon mazubi kusa.

Mataki na biyu ya zo a 1957 a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Mitsubishi, ita ma a Hiroshima, inda ake auna gindin injin dizal a yi masa alamomi a kan teburin na'urar da za ta fere shi, na'urar kuwa tana jira. Da aka samar da tebur na biyu aka koma yin awon a kansa tun na'urar tana fere wani gindin, aikin da take yi ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Abin da aka koya a nan ya wuce rarrabewa kawai, domin ya nuna cewa aikin da kowa ke ɗauka na ciki ne ana iya mayar da shi na waje. A 1969 kuma, a babbar masana'antar Toyota, sauya mazubi a wani inji mai ƙarfin tan 1,000 yana cin awa huɗu, alhali an samu labari cewa Volkswagen a Jamus na yin irinsa cikin awa biyu. Cikin wata shida aka sauko da shi zuwa minti 90, sannan shugabanni suka nemi a kai shi minti uku, aka kuma kai shi bayan wasu watanni.

Ya kamata ɗalibi ya san cewa wannan labari daga bakin Shingo yake, kuma ba kowa ne ya yarda cewa shi kaɗai ya yi aikin ba. Taiichi Ohno, wanda ya gina tsarin ƙira na Toyota, ya rubuta cewa injiniyoyi da ma'aikatan kamfanin sun yi ta rage lokacin sauyi tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga awa biyu ko uku a shekarun 1940 zuwa ƙasa da awa guda a shekarun 1950. Kamfanin ya kuma sayo injinan Danly na Amurka waɗanda aka ƙera da tsarin sauya mazubi da sauri. Abin da ya tilasta musu hakan shi ne ƙarancin jari da ƙanƙantar kasuwa, domin Toyota ta wancan zamani ba ta da kuɗin da za ta keɓe wa kowane sashen mota injinsa kamar yadda manyan kamfanonin Amurka ke yi. Gudummawar Shingo da babu gardama a kanta ita ce ya tsara dabarun nan bi da bi, ya rubuta su yadda kowace masana'anta za ta iya koya.

Inda lokacin ke tafiya

Shingo ya kasafta lokacin sauyi na gargajiya kamar haka: kimanin kashi 30 cikin ɗari na tafiya wajen shiri da neman kayan aiki da mayar da su, kashi 5 wajen cirewa da ɗaurawa, kashi 15 wajen awo da saita ma'aunai, kashi 50 kuma wajen gwaji da gyare-gyare. Alƙaluman sun bambanta daga inji zuwa inji, amma siffar ba ta cika canzawa ba, kuma tana ba mutane da yawa mamaki, saboda aikin da ido ke gani a matsayin sauyi, wato sauke ƙaton ƙarfe da ɗora wani, shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Wanda ya kashe kuɗi ya sayo sabon injin ɗaga kaya tun kafin ya auna lokacinsa, ya yi maganin kashi biyar ne ya bar casa'in da biyar.

Saboda haka aikin yana farawa da kallo. Ana tsayawa da agogo da takarda, ko a ɗauki hoton bidiyo da waya, a rubuta kowane motsi da tsawonsa, sannan a zauna da ma'aikatan da suka yi sauyin su kalli kansu, domin su ne suka san dalilin da ya sa aka je sito sau uku. Bayan haka a ware shirin waje daga na ciki, a rubuta jerin duk abin da ake bukata, a tara shi a kan amalanke kusa da inji, a tabbatar kowane abu yana aiki tun kafin a kashe injin, kamar yadda mai girki ke jajjaga kayan miya tun kafin ta ɗora tukunya. Wannan mataki, wanda kusan ba ya cin ko kwabo, shi kaɗai yakan rage kashi 30 zuwa 50 na lokacin, a ƙiyasin Shingo.

Daga nan sai a nemi ayyukan ciki da za a iya fitarwa waje. A injin zuba roba ko narkakken ƙarfe, mazubi mai sanyi ba ya fitar da kaya mai kyau, don haka a al'ada akan ɗaura shi a yi ta zuba masa abu mai zafi har ya ɗumama, ana zubar da duk abin da ya fito. Idan kuwa aka ɗumama shi a gefe tun tsohon aikin bai ƙare ba, zubin farko ko na biyu zai iya fitowa daidai. Idan mazubai sun bambanta a tsayi, akan ɓata lokaci wajen ɗaga kan inji da sauke shi a kowane sauyi, alhali da an lanƙaya wa gajerun faranti a ƙasa sun zama tsayi ɗaya da dogayen, da ba a sake taɓa wannan ma'auni ba.

Noti ya cancanci a tsaya a kansa. Dogon noti mai zagaye goma sha biyar na zare sai an juya shi sau goma sha biyar kafin ya shiga, amma juyi na ƙarshe ne kaɗai ke ɗaurewa, kuma na farko ne kaɗai ke kwancewa, sauran duk wahalar hannu ce. Idan aka huda ramin da faɗi a gefe ɗaya ya tsuke a ɗaya gefen, sai a sassauta notin da juyi guda, a zame mazubin zuwa wajen faɗin a ɗaga shi, notin yana nan a mazauninsa bai faɗi ƙasa ya ɓata ba. Haka nan wosha mai tsaga a gefe tana zamewa ta fita ba tare da an cire notin ba. Idan kuma aka mayar da duk notunan inji girma ɗaya, sifana ɗaya ta wadatar. Kowane maƙeri ko mai walda da ke kusa da masana'anta zai iya yin waɗannan gyare-gyare.

Gwaji da gyare-gyare, waɗanda suka cinye rabin lokaci, ba a neman a yi su da sauri. Ana neman a kawar da su ne gaba ɗaya. Ma'aikaci yana gyara ne saboda saitin farko bai faɗa daidai ba, kuma bai faɗa daidai ba saboda da ido da ƙwarewar hannu aka yi shi. Maganin shi ne a kafa turaku ko madogarai da mazubi zai jingina da su ya tsaya wuri ɗaya kullum, a sa ma'auni mai lamba a duk inda ake murɗawa, a kuma rubuta zafi da matsi da saurin da suka ba da kaya mai kyau a karon baya a manna a jikin mazubin. A nan akan ci karo da turjiya, domin tsohon ma'aikacin da shi kaɗai ya san sirrin injin yana iya ganin rubuta saitin tamkar ƙwace masa daraja ne, kuma ba a rasa gaskiya a tsoron nasa. Masana'antar da ta yi amfani da ilimin da ya bayar ta sallame shi ba za ta sake samun wanda zai buɗe baki ba.

Abin da muhalli ke samu

Riba ta farko, kuma mafi tabbas, ita ce ta ɗanyen kaya. Duk abin da inji ya fitar lokacin gwaji an riga an kashe masa makamashi tun daga haƙo ma'adini ko ɗanyen mai har zuwa ƙofar masana'anta. Tan ɗaya na ƙarfe, alal misali, yana jawo fitar kusan tan biyu na iskar kabon a matsakaicin lissafin duniya. Akan ce ai ba a yi asara ba tunda ana niƙa robar da ta lalace ko a narka ƙarfen a sake amfani da su, amma niƙan da narkawar suna cin wuta karo na biyu, roba kuma tana rage ƙarfi duk lokacin da aka sake narka ta, wadda launuka suka cakuɗe a cikinta kuwa ba ta shiga sai cikin baƙin kaya mai araha.

Ta biyu ita ce makamashi. Injin da aka tsayar domin sauyi ba a kashe yake ba a mafi yawan lokuta: bututun da ke narka roba yana nan da zafinsa na sama da digiri 200, famfon mai yana juyawa, injin iska da na sanyaya ruwa da fitilu duk suna ci. Robar da ta daɗe a cikin bututu mai zafi tana ƙonewa, sai an tura sabuwa an wanke ta, wato dogon sauyi yana haifar da nasa sharar. A wuraren da masana'antu suka dogara da janareta, kamar yadda yake a yankunan masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano idan wutar layi ta ɗauke, lissafin ya fi tsanani, saboda janareta ba ya rage shan mai daidai da raguwar nauyin da ke kansa, kuma kowace litar dizal da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Idan aka ɗauka cewa kason wani inji da kayan da ke yi masa hidima lita 15 ne a awa, sauyin awa uku ya ƙona lita 45, ya saki fiye da kilo 120 na iskar, ba tare da an samu bokiti ɗaya na sayarwa ba.

Ta uku ta fi girma, ko da yake ta fi wuyar aunawa, ita ce raguwar kayan da ake ƙerawa ba tare da mai saye ba. Kayan da ke jibge a sito suna tsatsa, suna dusashewa, ana fasa su wajen ɗauka da saukewa, yayinsu yana wucewa, na abinci da magani kuma wa'adinsu yana cika. Babban rukuni yana ɓoye aibi: idan mazubi ya samu tsaga aka ƙera 2,000 kafin sashe na gaba ya lura, duka 2,000 ɗin sun lalace, alhali a rukunin 200 asarar ba ta wuce 200 ba. Akwai kuma injin da ba a saya ba, kamar yadda ya faru a Hiroshima, domin awannin da aka ƙwato daga sauyi suna iya isar da aikin da ake shirin sayo sabon inji dominsa, tare da duk ƙarfen da wutar da ƙera shi da jigilarsa za su ci.

Inda lissafin ke juyewa

Kuskure ne a ɗauka cewa rage mintoci da kansa alheri ne ga muhalli. Manufar rage lokacin sauyi ita ce a samu damar yin sauyi sau da yawa, kuma sharar wata guda ita ce sharar sauyi ɗaya a ninka da yawan sauye-sauyen. A ɗauka cewa masana'anta tana zubar da kilo 20 na roba a kowane sauyi, tana sauyi sau huɗu a wata, jimilla kilo 80. Bayan gyara, sharar kowane sauyi ta koma kilo 10, abin da kowa zai yaba, amma yanzu ana sauyi sau 16, jimilla kilo 160. Lokaci ya ragu, sito ya ragu, abokan ciniki sun ji daɗi, sharar sauyi kuwa ta ninka. Kafin a koma ko da inda aka taso sai an sauko da ita zuwa kilo 5. Wannan matsala ta fi bayyana a masana'antun fenti da rini da lemo da magunguna, inda kowane sauyi ke bukatar wanke tankuna da bututai da ruwan zafi da sinadarai, kuma ba a iya taƙaita wankin ba tare da an jefa lafiyar mai saye cikin haɗari ba. Abin da ke taimakawa a irin waɗannan wurare shi ne tsara jerin aiki, a fara da fari a bi da launuka masu haske a ƙare da baƙi, domin ɗigon fari a cikin baƙi ba ya nunawa, ɗigon baƙi a cikin fari kuwa yana ɓata tanki guda. Sai a yi babban wanki sau ɗaya a ƙarshen zagaye.

Ƙananan rukunai suna kuma jawo yawan jigila. Idan kamfani ya daina ajiya ya nemi a riƙa kawo masa kaya kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, motoci za su riƙa zirga-zirga ba a cike ba, kuma a farkon shekarun 1990 an soki wannan tsari a Japan kanta saboda cunkoson hanya da hayaƙi. Maganin da aka saba shi ne mota ɗaya ta zagaya masu kawo kaya da yawa ta cika kafin ta iso. Rashin ajiya yana da wani haɗarin, wanda ya bayyana a watan Fabrairun 1997 lokacin da gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke Kariya, wadda ke ƙera wa Toyota wani ƙaramin bawul na birki, har layukan haɗa motoci suka tsaya cik na kwanaki kafin wasu kamfanoni su taru su cike gurbin. Masana'antar da ɗanyen kayanta ke zuwa daga tashar jiragen ruwan Legas ta doguwar hanya ba za ta kwaikwayi Toyota ido rufe ba. Tana iya rage kayan da ta gama ƙerawa da waɗanda ke tsakanin inji da inji, ta bar wa kanta ajiyar ɗanyen kaya gwargwadon halin hanya.

Akwai kuma abin da masanin tattalin arzikin Ingila William Stanley Jevons ya lura da shi a 1865 game da kwal, cewa idan amfani da abu ya yi araha, sau da yawa jimillar abin da ake ci ƙaruwa take yi. Masana'antar da sauyi ya yi wa sauƙi tana iya fitar da sababbin samfura kowane mako, kowane ɗaya da ƙarancin shara, jimillar kuwa ta fi ta da. Wannan ba laifin dabarar ba ne, shawarar masu kamfani ce a kan abin da za su yi da awannin da suka samu.

Ɓangaren ma'aikaci shi ma yana iya faɗawa kowane gefe. Sauyin da aka tsara da kyau yana rage ɗaukar nauyi da hawa da sauka da zura hannu cikin inji, domin mazubi yana zamewa a kan tayoyi daga tebur mai tsayi ɗaya da injin. Amma inda aka rataye agogo a bango aka ce a yi sauri ba tare da an canza tsarin aikin ba, abin da ma'aikata ke fara tsallakewa shi ne kashe wuta da sa kwaɗo a makunni, kuma sauri ya haifi nawa. Haɗarin ya fi yawa idan mutum biyu suna aiki lokaci ɗaya, ɗaya a gaban inji ɗaya a bayansa, wanda hanya ce mai kyau ta rage lokaci, amma tana bukatar kowannensu ya sa nasa kwaɗon, kada a kunna sai kowa ya cire nasa da hannunsa. Mintocin kulle wuta ba sa cikin waɗanda ake ragewa.

Saboda waɗannan dalilai, takardar da ake rubuta sauyi a kanta bai kamata ta ƙunshi mintoci kawai ba. A gefen lokaci a rubuta kilo nawa aka zubar, da lita nawa ta ruwa aka yi wanki da ita, da abin da mita ko tankin janareta ya nuna, da yawan sauyin da aka yi a watan, sannan a raba jimillar da yawan kaya masu kyau da aka sayar, ba waɗanda aka ƙera ba. Sikeli da bokiti mai awo da littafin rubutu sun isa a fara.

Aikin darasi

Kowane ɗalibi zai zaɓi inji ɗaya da ake sauya masa saiti a inda yake aiki ko kusa da gidansa, ko injin buga takardu ne, ko na niƙa da ake canza wa faranti da rariya, ko na buga bulo, ko keken ɗinkin surfani da ake canza wa zare da zane. Da izinin mai wurin, zai kalli sauyi ɗaya daga kaya mai kyau na ƙarshe zuwa kaya mai kyau na farko, ya rubuta kowane aiki da tsawonsa, ya sa wa kowanne alamar ciki ko waje, ya kuma auna abin da aka zubar. Daga nan zai lissafa sharar wata guda a yadda ake yi yanzu, da abin da za ta zama idan yawan sauyi ya ninka sau uku, da kuma iyakar da sharar kowane sauyi za ta sauka kafin jimillar ta tsaya inda take. Za a kawo takardun aji a mako mai zuwa domin a kwatanta su.